Wace Hanta Ake Wankewa da Danna Ƙafa?

Ranar Juma'ar da ta wuce, bayan an sauko daga masallaci, na biya gidan kawuna in gaishe shi. Na tarar da shi a zaure ya tuɓe takalmi, ya ɗora ƙafar dama kan gwiwar hagu, ya kafa babban yatsan hannunsa a bayan ƙafar yana murzawa. Wayarsa na jingine da buta, wani bidiyo yana ta juyawa. An zana jan ɗigo tsakanin babban yatsan ƙafa da mai bi masa, ga kuma wata murya da aka ɗora da Hausa tana cewa wai sirri ne na likitocin ƙasar Sin: minti uku da safe, minti uku da yamma, hanta za ta wanku tas.

Kawu yana ɗauke da ciwon hanta nau'in B. Bara aka gano, lokacin da ya je ba matar maƙwabcinsa jini bayan ta haihu, aka ce nasa ba zai yiwu ba. Likita ya ce ya riƙa komawa duk wata shida ana duba shi.

Na ce, "Kawu, kun koma asibitin kuwa?"

Ya ce, "Ɗana, in koma in yi me? Babu inda ke mini ciwo. Su karɓi kuɗina, su ɗebi jinina, su ce in dawo. Wannan kuwa kyauta ne, kuma tun da na fara nake barci sai ladan ya tashe ni. Ba an ce a nemi ilimi ko a birnin Sin ba?"

Tun ranar abin ke cina. Ba ni da faɗa da tausa, kuma ban raina likitancin gargajiyar Sinawa ba. Amma duk wanda ya ce wa mai ciwon hanta danna ƙafa na wanke hanta, ya cuce shi, ko da kuwa da kyakkyawar niyya ya faɗa. Ya kuma yi wa Sinawan ƙage, domin abin da magabatansu suka rubuta ba shi ne ake juya mana a waya ba.

Wurin da ake dannawa

Ba mai bidiyon ya ƙirƙiro wurin ba. Sunansa Taichong. In ka sa yatsa a kwarmin da ke tsakanin babban yatsan ƙafa da na biyu, ka ja shi sama kaɗan har ka ji ƙasusuwa biyu sun kusa haɗuwa, to ka iso. A tsarin likitancin Sinawa akwai magudanai da suke cewa ƙarfin rai, wanda suke kira "ci", yana bi a cikin jiki. Ɗaya daga cikinsu shi ne magudanar hanta, mai tashoshi 14, wanda ya taso daga babban yatsan ƙafa ya bi ta cikin cinya ya ƙare a ƙarƙashin nono. Taichong ce tasha ta uku. Masu wannan sana'a kan tsira siririyar allura a wurin, ko su danna da yatsa, don ciwon kai, jiri, jan ido, saurin fushi, rashin barci da ciwon mara na mata.

Sake karanta jerin nan. Ciwon kai, jan ido, fushi, barci. Me ya haɗa su da hantar da mahauci ke yankawa?

Hanta biyu ce

A nan ne duk ruɗanin yake, kuma Bahaushe ne ya fi kowa cancantar ya gane shi.

In na ce maka da na ga 'yan sanda a ƙofar gida hantar cikina ta kaɗa, ba za ka kai ni a ɗauki hoton ciki ba. In aka ce wane da wane kamar hanta da jini suke, ba maganar asibiti ake ba. Mai baƙin ciki cikinsa bai yi baƙi ba, mai farin ciki nasa bai yi fari ba. Mai taurin kai ƙoƙon kansa daidai yake da na kowa. Harshenmu ya ɗauki gaɓoɓin jiki ya rataya musu halaye, mun kuma san inda magana ta tsaya, inda nama ya fara.

Sinawan da ma haka suka yi, sai dai su sun gina cikakken tsarin likitanci a kai. A tsohon littafinsu na likitanci, Huangdi Neijing, wanda aka tattara fiye da shekara 2000 da suka wuce, abin da suke kira "gan", muke fassarawa da hanta, shi ne ma'ajiyar jini, shi ke kula da jijiyoyi, tagarsa ido, halinsa fushi, lokacinsa bazara, ɗanɗanonsa tsami. In likitan gargajiya a Sin ya ce ƙarfin hantarka ya cushe, abin da yake gani shi ne mutum mai ƙunci, mai yawan tsaki da ajiyar zuciya, wanda kafaɗunsa suka ɗaure. Mai irin wannan hali yana iya zuwa asibiti a gwada hantarsa a same ta garau. Wani kuma yana iya zama mai fara'a, mai cin tuwonsa lafiya, alhali ƙwayar cuta ta shekara 30 tana cin hantarsa a ɓoye.

Waɗanda suka rubuta wancan littafi ba su san ƙwayar cutar nau'in B ba. Babu wanda ya san ta a duniya sai a shekarun 1960, lokacin da Ba'amurke Baruch Blumberg ya gano alamarta a jini, har aka ba shi kyautar Nobel a 1976. To ta yaya za a ce sun tanadi wurin dannawa don kashe abin da ba su san da shi ba? Mai bidiyon ya ɗauki kalma ɗaya mai ma'ana biyu, ya zuba wa Kawu ta ɗaya a kwanon ɗayar.

"Ai shekara dubu biyu suna yi"

Wannan ce hujjar farko da za a kawo mini, kuma ba ta banza ba ce. Abin da al'umma ta riƙe tsawon wannan lokaci ya cancanci a saurare shi. A 2010 hukumar UNESCO ta saka tsira allura na Sinawa cikin al'adun da duniya ta gada. Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta fitar da daidaitaccen bayanin wuraren tashoshi 361 a 2008. Masu talla suna son ambaton wannan. Abin da ba sa faɗa shi ne, daidaita suna da wuri aka yi don masu sana'ar su fahimci juna. Ba a ce kowace tasha tana warkar da abin da ake jingina mata ba. Wanda ya zana taswirar kasuwa bai rantse maka kan kayan kowace rumfa ba.

Amma tunda Kawu ya ce a nemi ilimi ko a Sin, mu je Sin ɗin mu ga yadda su da kansu suka yi da ciwon hanta.

A 1992 gwajin da aka yi a faɗin ƙasar ya nuna kusan mutum 10 cikin 100 na ɗauke da nau'in B. Ƙasar da ta fi kowa masanan Taichong ke nan, kowane Basine yana da yatsun ƙafa, amma cutar ta yi musu katutu. Me gwamnatinsu ta yi? A shekarar ta fara yi wa jarirai allurar rigakafi. A 2002 ta shigar da ita cikin tsarin rigakafin ƙasa, a 2005 ta zama kyauta gaba ɗaya, aka kuma dage sai jariri ya samu allurar farko cikin awa 24 da haihuwa. Zuwa 2006 yara 'yan ƙasa da shekara biyar masu ɗauke da cutar sun koma ƙasa da 1 cikin 100. Zuwa 2014 sun koma kusan 3 cikin 1000.

Wannan shi ne ilimin Sin a kan hanta. Shi ya kamata ya cika mana wayoyi.

Ko maganinsu na gargajiya da ya fi kowanne amfanar da mu, dubi hanyar da ya bi. Maganin zazzaɓin cizon sauro da muke sha yau ya samo asali ne daga wani ganye dangin tazargade. Tu Youyou, masaniyar da ta jagoranci aikin, ta samo haske daga rubutun wani likita Ge Hong na ƙarni na huɗu. Sai dai ba ta tsaya a "magabata sun ce" ba. Ita da abokan aikinta sun gwada ɗaruruwan haɗe-haɗe, mafi yawansu suka faɗi, ɗaya ya tsaya. Aka tace shi, aka gwada a dabbobi, aka gwada a mutane, aka ƙirga waɗanda suka warke. Shi ya kai ta ga kyautar Nobel a 2015. Girmama gado ke nan a wurina: ka kai shi gaban gwaji, abin da ya tsira ka riƙe shi da hannu biyu. Danna Taichong don kashe ƙwayar cutar hanta ko gyara hantar da ta taurare bai tsallake irin wannan gwaji ba.

"To ni dai na ji sauƙi"

Na yarda. Ban ce Kawu ƙarya yake ba. Mutumin da ya wuni a kasuwa, ya dawo ya zauna shiru minti biyar yana murza ƙafarsa yana numfashi a hankali, dole jikinsa ya saki. Iyayenmu mata sun daɗe da sanin haka, shi ya sa jikoki ke taka wa kaka baya. Akwai ma wata tasha a cikin hannu, kimanin faɗin yatsu uku daga wuyan hannu, wadda gwaje-gwaje da dama suka nuna danna ta na iya rage tashin zuciya bayan tiyata. Abin da ya tabbata ba a musun sa.

Matsalar ita ce hanta ba ta da baki. Haƙori in ya lalace zai hana ka barci. Hanta kuwa tana iya lalacewa fiye da rabi tana ci gaba da aiki, mai ita yana zuwa gona yana zuwa ɗaurin aure. Ranar da ido ya yi rawaya muka ce shawara ce, ranar da ciki ya kumbura da ruwa ƙafafu suka haye, ranar da aka yi aman jini, sau da yawa an riga an makara. Wanda ya taɓa jinyar mai sankarar hanta ya san yadda take: mutum ƙaƙƙarfa ɗan shekara 35 ko 40, wata uku ko huɗu, sai a ji sanarwar jana'iza. Sai mu ce sammu ne, ko an yi masa jifa.

Saboda haka "na ji sauƙi" ba ma'auni ba ne a wannan ciwo. Kawu bai ji komai ba kafin ya fara dannawa, bai ji komai ba bayan ya fara. Abin da zai faɗa masa halin da hantarsa ke ciki shi ne gwajin jini da hoton ciki, waɗanda ya daina zuwa yi.

"Ai ba ya cutarwa"

Yatsa a kan ƙafa ba ya cutar da hanta, gaskiya ne. Watannin da ya cinye su ne cutarwar. Wata shida na Kawu sun zama goma sha ɗaya.

Kuma abin ba ya tsayawa a yatsa. Bi irin waɗannan bidiyoyi zuwa ƙarshe, ko ka shiga shafin mai su. Yau wurin dannawa kyauta, gobe shayin wanke hanta, jibi ƙwayoyi a kwalba mai rubutun Sinanci da ba wanda ya iya karantawa, ga lambar waya a ƙasa. A nan haɗarin ya zama na kai tsaye, domin duk abin da ka haɗiya hanta ce ke fara karɓar sa.

Misali ɗaya ya isa. Akwai wata saiwa da Sinawa ke kira he shou wu, wadda a gargajiyarsu aka san ta da ƙarfafa hanta da ƙoda da baƙanta gashi. Wannan saiwar ce hukumar kula da magunguna ta Sin ta yi gargaɗi a kanta a 2014, saboda an samu mutanen da ta lalata wa hanta. Wani babban bincike da aka yi a asibitocin ƙasar, aka wallafa a 2019, ya nuna cewa cikin waɗanda magani ya ji wa hanta rauni, fiye da kashi ɗaya cikin huɗu magungunan gargajiya da na ƙarin kuzari ne sanadi. Likitocin Sin ne da kansu suka ƙirga. In haka ta faru a inda ake da hukuma mai sa ido, ina ga kwalbar da ta shigo mana ta bayan gida?

Kada a ce na ware na Sin. Jiƙe-jiƙenmu da ake sayarwa a tasha cikin gorar ruwa, wanda aka ce yana maganin basir da sanyi da shawara da taifot a lokaci guda, shi ma hanta ce ke ɗaukar nauyinsa. Haka farasitamol da muke watsawa uku-uku duk lokacin da jiki ya yi tsami. Hanta ba tukunya ba ce da za a sa mata toka da soso. Ita ce ma mai wanke jini, abin da take buƙata a daina ɗora mata kaya.

Hujjar da ta fi ƙarfi

Akwai maganar da Kawu ya yi wadda ba ni da amsarta mai daɗi: kuɗi. Gwajin farko mai arha ne, amma wanda ke ƙirga yawan ƙwayar cutar a jini yana da tsada, kuma ba kowane gari ake yin sa ba. Mai nau'in B ba ya samun irin tallafin da mai cutar ƙanjamau ke samu, alhali ɗaya daga cikin magungunan, tenofobir, duka biyun yake yi wa aiki. Sannan a ce maka maganin ba ya fitar da cutar, danne ta kawai yake, wataƙila ka sha har ƙarshen rayuwa. Talakan da ya ji haka, ya ga bidiyon da ke ce masa minti uku kyauta, ba wauta ce ta ja shi ba. Rami ne hukuma ta bari, mai bidiyo ya zo ya cike.

Girman ramin kuwa ba kaɗan ba ne. Babban binciken da aka yi a Najeriya a 2018 ya nuna kusan mutum 8 cikin 100 na 'yan shekara 15 zuwa 64 suna ɗauke da nau'in B. A sahun sallah mai mutum 25, biyu ke nan, kuma galibinsu ba su sani ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum miliyan 254 ke ɗauke da shi a 2022, ciwon hanta na ƙwayoyin cuta kuma ya kashe miliyan 1.3 a shekarar.

Duk da haka, "ba a warkewa" ba daidai yake da "babu abin yi" ba. Hawan jini ma ba a warkewa, amma mai shan maganinsa yana ganin jikokinsa. Ba kowane mai nau'in B ne ma ke buƙatar magani nan take ba, wasu sa ido kawai ake yi, shi ya sa ake cewa a riƙa dawowa. Wanda ya buƙata, ƙwaya ɗaya a rana tana rage haɗarin taurarewar hanta da sankara sosai. Nau'in C kuwa yanzu ana warkar da shi cikin mako 8 zuwa 12.

Sannan mai ɗauke da cutar ba shi kaɗai ba ne a gidan. Danna ƙafa ba zai kare matarsa ba, allurar rigakafi uku za ta kare ta. Jaririn da ya kamu a wajen haihuwa, 9 cikin 10 cutar takan zauna masa har girma, amma babban da ya kamu yawanci jikinsa kan kore ta. Shi ya sa allurar ranar haihuwa ta fi kowace muhimmanci. Tun 2004 take cikin rigakafin yara a Najeriya, kyauta. Mu kuwa mata da yawa a gida suke haihuwa, jariri ba ya fita sai bayan suna, wani sai an yi arba'in. Kafin nan wanzami ya zo da askarsa ya yi aski, ya cire beli. Ba na zagin wanzamai, sana'ar gado ce mai daraja, amma aska ɗaya a kan kai goma hanya ce, haka almakashin mai yankan farce, haka ƙahon da ba a dafa ba, haka allurar da aka maimaita. Cin abinci kwano ɗaya da musabaha ba sa yaɗa ta, don haka babu dalilin ware wa mutum cokali.

Darasin Qidong

Akwai wani labarin Sin da nake ganin ya fi kusa da mu. Qidong gunduma ce a bakin kogin Yangtze, tsallaken Shanghai, wadda ta yi suna da yawan sankarar hanta. Masara ce abincinsu, yankin kuma akwai laima, sai masarar ta riƙa yin fumfuna. Wannan fumfuna na fitar da wata guba, afulatoksin, wadda girki ba ya kashe ta. In ta haɗu da nau'in B a hanta ɗaya, haɗarin sankara yakan ninka sau da yawa. A tsakiyar shekarun 1980, da aka sassauta dokokin kasuwa, mutanen suka koma cin shinkafa. Gubar ta ragu ƙwarai a jininsu, mace-macen sankarar hanta suka sauka, har a cikin waɗanda aka haifa kafin zuwan rigakafi.

Wace ƙasa ce ta masara da gyaɗa in ba tamu ba? Gyaɗar da aka tsince aka ware saboda ta yi baƙi ko ta yi ɗaci, ina take zuwa? Sau da yawa ita ake sayarwa da arha a yi ƙuli-ƙuli da mai, ko a zuba wa kaji. Masarar da aka zuba a buhu ba ta gama bushewa ba, aka jingine a ɗaki mai yoyo, ita ce tuwon gidan har damina ta zagayo. In ana neman abin da mutum zai yi wa hantarsa da hannunsa, kyauta, kullum, ga shi nan: a shanya amfanin gona a kan tabarma ko leda har ya bushe ƙayau, a ɗora buhu a kan katako, a tsince ruɓaɓɓiyar gyaɗa a zubar da ita.

Ban ce wa Kawu ya daina murza ƙafarsa ba. Na ce ya ci gaba in yana sa shi barci, sai dai ya sani barcin yake gyarawa. Na nuna masa alƙaluman yaran Sin na 1992 da na 2014, ya karɓi wayar ya daɗe yana kallo, sannan ya tambaye ni ko autarsa, wadda aka haifa a gida, ta samu allurar. Babu wanda ya tuna a gidan. Inna ta shiga ɗaki neman katin rigakafin, ba ta gan shi ba.

Mun yi da shi ranar Talata zan zo da mota da sassafe. Shi za a ɗebi jininsa a ɗauki hoton ciki, Inna da yaran huɗu kuma a gwada su. Kuɗin gwajin mai tsada ni da yayana za mu haɗa.